Tambaya kan tantance mai kawo jingina da ajiye bayanansa

Assalamu alaikum. Ina da shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, inda nake karɓar jinginar salula, keken ɗinki da moto, kuma ina neman shawarar magabatana a wannan sana'a kan wata matsala da ta tsaya mini.

Duk wanda ya kawo kaya ina rubuta sunansa, lambar katin shaidarsa, ranar karɓar kuɗi da ranar fansa, in salula ce kuma in ƙara lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace salula, mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan an danna *#06#. Sai dai da yawa daga masu zuwa daga ƙauyukan Mirriya da Magariya ba su da katin, sai takardar haihuwa wadda ba ta ɗauke da hoto, wasu kuma 'yan Najeriya ne masu takardar NIN, wato ta lambar shaidar ɗan ƙasa a can, da ba ni da hanyar tabbatar da ita. In na ƙi karɓa na kori mabuƙaci na gaskiya, in kuwa kayan suka zama na sata, ni za a fara kira kwamisariya.

Shin shaidar mai unguwa da dangwalen yatsa sun wadatar a gaban hukuma? Kuma shekara nawa ya kamata in ajiye rajistar bayan an fanshi kaya?