Ina madarar yara ta shige a kantunan Sakkwato?

Maman Tagwaye, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah waɗanda ke cikin harkar nake son su ba ni amsa.

Tagwayena watansu takwas. Nono shi kaɗai ba ya isarsu, ga koyarwa da nake zuwa da safe, shi ya sa nake haɗa musu da madarar gwangwani, iri ɗaya tak da cikinsu ya karɓa. Ranar Asabar bayan la'asar na hau agwagwa da buje zuwa babban kantin da na saba sayayya. Daga bakin ƙofa sai ka rantse kantin cike yake. Da na matsa na ɗauki gwangwanin tumatir ɗaya, sai na ga bayansa wayam, katako ne kawai da zagayen ƙura inda gwangwanaye suka taɓa zama. Ashe layi ɗaya aka jera a gaba don a rufe ido. Wurin madarar yara kuwa an cika shi da ruwan roba da takardar goge hannu, amma takardun farashin madarar suna nan manne, ba a ko cire su ba.

Na tambayi yarinyar da ke karɓar kuɗi, ta ce, "Hajiya, sai mota ta zo." Abin da ta faɗa mini ke nan sati uku da suka wuce, da murmushi iri ɗaya. Ban ga laifinta ba, ita ma abin da aka ce ta faɗa ke nan.

Na zaga kanti uku. Daga ƙarshe a Tsohuwar Kasuwa na samu gwangwani biyu can cikin lungu, saura wata biyu su lalace, kuma kuɗin ya ɗara wanda na sani. Na saya, ya zan yi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a hanyar dawowa na bi ta Kasuwar Daji, ga albasa nan tuli, ga tattasai, ga nama. Gero da dawa ma ba su ɓace ba. Duk abin da ke zuwa cikin kwali ko gwangwani shi ne ke wasan ɓuya. To ɓoyewa ake yi saboda azumi na matsowa, ko kamfanoni ne suka daina yi, ko hanya ce?

Mai Shagon Tsohuwar Kasuwa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi raya muna tagwaye. Shekarata ashirin da biyu cikin saida kayan masarufi, bari in hwaɗa maki abin da 'yan kasuwa ba su son hwaɗi gaban mutane: jari na yak karye.

Da can dila shi ka aiko maka kaya, ka saida, bayan sati biyu ka kai kurɗi. Yanzu sai ka tura kurɗi tukuna, sannan ka zauna jiran kaya. Kuma tun watan Yunin 2023 da anka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ga farashin gwamnati, ta wuce 1,500 cikin watan Fabrairun 2024. Garin madara daga waje aka kawo shi, alkamar da aka yin fulawa da taliya mafi yawanta daga waje ta. Ko a Legas ko Ogun anka zuba su cikin gwangwani, da dala anka sawo. Kurɗin da ni kan cika shagona da su hal bisa, yanzu rabin kanta ba su cikawa. Ban ci jarina ba, ban yi sabon aure ba, zaune nike yat tsotse.

To in kina da kurɗin kwali goma ɗai, mi za ki sawo? Sukari, magi, taliya, madarar leda ta shayi, waɗanda kan hita kullum. Madarar jarirai tsada gare ta, mai sayenta ɗaiɗai na, kuma in ta kwana bisa kanta lokacinta ya wuce, asara ta taka ta, kamfani bai karɓa. Ni da kaina na daina kawo ta sai wanda yay yi man magana. Wancan jerin gwangwani ɗaya da kig gani, wallahi ni ma ina yi. Shago wayam kunya na, mai saye in ya leƙo yag ga haka bai dawowa.

Ɗan Runjin Sambo:

Alhaji ka yi bayani, amma kada a wanke 'yan kasuwa tas. Kowa ya san duk shekara daga Sha'aban sukari da man gyaɗa kan yi ƙafa, sai an ga wata su fito da sabon farashi. Sito nawa ne a garin nan a kulle da kaya ciki?

Mai Shagon Tsohuwar Kasuwa:

Akwai masu yi, ban musa ba, Allah shi shirye su. Amma mai ɓoyo sukari da shinkahwa shi ka ɓoyewa. Wa za shi kulle abin da ke da kwanan lalacewa rubuce ga gindinai? Kuma ɓoyon ma yanzu caca ta, in dala ta sauko kana riƙe da kayan tsada, kai ka shiga uku.

Direban Tirela, Kwannawa:

Hajiya, motar da yarinyar nan ke ce miki za ta zo, irinmu ne ke jan ta, don haka bari in ce wani abu.

Mutane da an yi maganar tsada sai su ce cire tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023. Gaskiya ne ya taɓa kabu-kabu da ƙananan motocin da ke rarraba kaya cikin gari. Amma tirela gas take sha, shi kuwa gas tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke. Daga Legas zuwa nan ya haura kilomita dubu. Ka bi Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Jega, sannan ka shigo. Mota ɗaya ta faɗi a inda hanya ta mutu, sai ku kwana biyu a layi, kana dafa shayi a ƙarƙashin mota. Ga shingaye, kowane da abin da za ka ajiye.

Kayan shaguna da yawa kuma ba kai tsaye suke zuwa ba, sai sun sauka Kano, a Kasuwar Singa, sannan a ɗauko su ta Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara. Wannan hanya kowa ya san halin da take ciki da 'yan bindiga. A da, cikin dare muke tafiya, iska ta yi sanyi, taya ba ta zafi, asuba ta yi mana a Sakkwato. Yanzu rana na yin ja kowa ke neman inda zai ajiye mota. Tafiyar kwana ɗaya ta koma biyu, mai kaya kuma shi zai biya. Idan kaya suka yi ƙaranci a kamfani, mu ne ƙarshen layi, Legas da Abuja da Kano sai sun ƙoshi kafin a tuna da mu.

Kar ki manta da Illela ma, bakin iyakarmu da Nijar. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Masu shigo da kaya ta Ƙonni da yawa jarinsu a nan ya narke. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024, Allah ya nuna mana gamawarta da ranmu.

Anti Nas, Arkilla:

Ƙanwata, ni abin da ya tsaya mini shi ne gwangwani biyun nan. Don Allah kada tsoron ƙarewa ya sa ki riƙa rage cokali kina ƙara ruwa. Iyaye da yawa na yin haka, sai yaro ya yi ta ramewa ana cewa haƙori ne. Yadda aka rubuta a jiki haka za ki auna. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ko an kankare kwanan wata an buga wani, kuma gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ki bar musu abinsu. Da an buɗe, bin abin da aka rubuta za ki yi, yawanci ba ya wuce wata ɗaya, balle da zafin garin nan.

Tunda sun wuce wata shida, kunun gero da gyaɗa da waken suya, da ƙwai dafaffe, da ɗan kifi a dame, za su rage miki dogaro da gwangwani sosai. Ki ci gaba da ba su nono safe da dare. In za ki canza musu irin madara, ki fara biyawa asibiti a duba nauyinsu.

Maman Tagwaye, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kin kama ni, jiya da dare cokali ɗaya na rage, yau na daina. An riga an jiƙa gero.

Baba mai shago, tunda ka ce kana kawowa in an yi maka magana, to ga magana na yi. Mu huɗu ne a makarantarmu masu goyo, na tuntuɓe su ɗazu, mu uku mun yarda mu haɗa kuɗin kwali ɗaya mu ba ka tun kafin ka yi odar Kano. Ta huɗun ta ce sai albashi ya shigo. Yaushe motarka ta gaba za ta taso?

Mai Shagon Tsohuwar Kasuwa:

Laraba in Allah ya so, in direba bai kwana Gusau ba. Ki aiko man hoton gwangwanin, gaba da baya, don kada yaro shi ɗauko ta 'yan shekara ɗaya.