Abin da aka tattauna kan riƙe bindiga don kare kai

Jama'a ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar nan tamu kan ko ya kamata farar hula su riƙe bindiga don kare kai.

1. Kowa ya yarda mutumin ƙauye a Zamfara ko Katsina da ɓarayin daji ke far wa cikin dare yana da haƙƙin kare kansa da iyalinsa.

2. AK-47 dai ba ta farar hula ba ce, ko a dokar makamai ta 1959 sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta da ta toka a bar wa mutane, amma da lasisin 'yan sanda, dagaci ya shaidi mutum tukuna.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce kiran da gwamnatin Zamfara ta yi a Yunin 2022 cewa mutane su nemi bindiga daidai ne tunda jami'ai ba sa isowa sai ana jana'iza, wasu suka ce a tuna yadda 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwa ba shari'a ba komai, shi ya ƙara rura wutar, ni ma wallahi wannan ke ba ni tsoro.

4. Masu neman tsaka-tsaki sun ce makami ya zauna hannun waɗanda aka tantance kamar askarawan Zamfara, wato rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2024, kowace bindiga da rajista, wanda ya yi kisa ba bisa ƙa'ida ba a kai shi kotu.