Don Allah a ba ni shawara, kaluluwar ƙanena ta ƙi sacewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana. Ƙanena ne mai bi na, shekararsa 26. Ni na riƙe shi tun rasuwar Baba, da kuɗin adashina ya gama makaranta, yanzu an sa ranar aurensa bayan babbar salla, lefe ma saura atamfofi, ga dangin yarinyar masu ƙorafi ne, tun kuɗin gaisuwa muke fama da su. Tun kafin azumi kaluluwa ta fito masa a wuya kamar ƙwallon dabino, yanzu ta kai ƙwan kaza, kuma ba ta ciwo. Da daddare gumi yake har matashi ya jiƙe, sai ya tashi ya sauya riga. Ya rame, bel ɗinsa sau biyu ana ƙara masa huda. Mai kemis ya ba shi wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ta sace, bayan sati biyu ta dawo. A asibiti sun ce suna zargin limfoma, wato ciwon daji na kaluluwa, sai an yanka an ciro a gwada. Hajiyarmu ta ce ba da yawunta ba, daji ba ya son ƙarfe. Ya zan yi?

Maman Ilham: Allah ya ba shi lafiya. Ni kam asibiti sai dole. Mijina muka kai, wata guda muna jiran sakamako, aka ce fayil ya ɓata. Danginsa ko sisi ba su bayar ba, amma ni aka ce na yi sakaci.

Abu Sadik: 'Yar'uwa ki saurare ni, na yi jinyar irinsa shekara guda. Limfoma kansa ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a kaluluwa, shi ya sa take fitowa a wuya, hammata ko matsematsi. Gida biyu ce, Hodgkin da wadda ba Hodgkin ba, maganinsu daban, kuma ba likitan da zai bambance su da ido sai an duba naman a na'ura. Maganin da aka fi yi wa mai Hodgkin duk sati biyu ake sa shi, na ɗaya gidan galibi duk sati uku. To ba gwaji wanne za a ba shi? Hodgkin ta fi kama matasa irinsa, kuma tana cikin kansar da aka fi warkewa. Ƙwayoyin kemis ɗin nan ina kyautata zaton dexamethasone ne. Suna lafar da kumburin na 'yan kwanaki, su kuma rikita gwajin. Ya daina, ya kai wa likita kwalin.

Mai tambaya: Mai kemis ɗin maƙwabcinmu ne shekara 20, ba zai cuce mu ba. Kuma ai ta sace da ya sha.

Malam Tela: Gaskiyar Hajiya ce. A haɗa masa zogale da habbatussauda da zuma, a dage da addu'a. Ƙanwar kakata ana taɓa ta da wuƙa ba ta yi wata uku ba.

Abu Sadik: Malam, shekara nawa ta yi da ciwon a ɗaka kafin a kai ta? Addu'a wajibi ce, amma Annabi (SAW) ya ce a nemi magani.

Ummi Zariya: Ni dai kar a tsorata ta. Nawa haka ya yi, gumi da rama, ashe tarin fuka ne na kaluluwa, wata shida ina shan magani kyauta na warke.

Abu Sadik: Da me aka gane naki? Gwaji dai. Kin ga kin tabbatar da maganata.

Baban Nana Maraɗi: Ɗan yayana muƙamuƙinsa ne ya kumbura cikin sati uku, aka ce Burkitt ce, wata irin limfoma mai kama yara inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Da aka fara ƙarin ruwan maganin kumburin ya faɗa da wuri, gashi dai ya zube. Amma sai da muka sayar da sa biyu. Ki fara lissafin kuɗi.

Maman Ilham: Batun auren fa? An gaya wa gidan yarinyar? Ni ma haka aka ɓoye min hawan jinin mijina.

Abu Sadik: A ɗaga bikin kawai. Kuma ya tambayi likita batun haihuwa kafin a fara magani, wasu magungunan suna taɓa ta.

Mai tambaya: Ɗaga biki ba ƙaramin abu ba ne, kun san abin da muka kashe? Kuma ba zan tsallake maganar mahaifiyata ba, ku kuna da sauƙin faɗa. Wani mai magani ya ce mu ba shi kwana 40, yau kwana 9.

Ummi Zariya: Shi mai ciwon me ya ce? Ba yaro ba ne fa.

Abu Sadik: Kawunku ko limamin unguwa ya yi wa Hajiya magana. Yaushe likitan ya ce ku koma?

Malam Tela: 'Yar'uwa duba inbox.