Jinga ko kuɗin yini: shawara kan ginin da ya ƙi ci gaba

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawararku game da ginin da nake yi a bayan unguwar Hotoro a Kano. Yau mako uku ke nan da birkilai biyu da leburori biyu suka fara jera bulo, amma har yanzu ba a kai linta ba, alhali ɗakuna uku ne da falo. Kuɗin yini nake biyansu. Wani ya ba ni shawarar in mayar da aikin jinga, in riƙa biya gwargwadon bulon da suka ɗora. Me kuke gani, kuma idan sauya ma'aikata ne mafita, a ina ake samun ƙwararru?

Alhaji Mai Bulo: Wa alaikumus salam. Ka mayar da shi jinga, in sha Allahu za ka ga linta kafin Juma'a.

Malam na Tudun Wada: Alhaji, ka yi mini afuwa, ba zan goyi bayan wannan shawara kai tsaye ba, domin ta taɓa cin kuɗina. Shekara uku da suka wuce na ba wasu magina jingar bulo, kuma a cikin kwana tara suka kai ginin linta, har ina yi wa mutane albishir cewa na dace da masu zafin nama. Ban san abin da aka yi mini ba sai da mai filasta ya zo ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, muka ga bangon falo ya yi ciki a tsakiya, ya karkace a sama. Ashe tun daga layi na uku sun daina duba ma'auni, kuma ba su cika tsakanin bulo da kwaɓi ba, domin duk wannan ɓata lokaci ne ga wanda ake biya da ƙirge. Don a daidaita bangon sai da aka yi filasta mai kauri sosai a wasu wuraren, simintin da na yi tanadi domin gida duka ya ƙare a ɗakuna biyu, kuma da hunturu ya shigo filastar ta tsattsage. Da kafinta ya zo kafa ƙofa, sai da aka sassaƙe bulo kafin ta zauna. Abin da na rage a kuɗin aiki na biya ninkinsa a siminti da gyara, ban da ɓacin ran da ya biyo baya tsakanina da wanda ya kawo mini su. Idan har za ka yi jinga, Baban Khadija, ka sa sharaɗi tun farko cewa ba a ƙirga bango sai an auna shi a gabanka, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin har mai filasta ya duba.

Alhaji Mai Bulo: Wannan laifin rashin sa ido ne, Malam, ba laifin jinga ba ne.

Injiniya: Kafin a ɗora wa birkilai laifi, ya kamata a san inda yinin yake tafiya. Baban Khadija, ka ware rana guda ka zauna a wurin daga safe zuwa tashi, ka rubuta duk lokacin da birkila ya tsaya da cokali a hannu yana jiran kwaɓi, ko bulo, ko ruwa. Lebura biyu ba za su iya kwaɓa siminti, su ɗauko bulo, su cika kwanon sarki, sannan su ɗaura katakon hawa ga birkilai biyu ba tare da an yi ta jira ba, musamman idan an jibge yashi nesa da ginin kuma babu baro. Lissafin kuma mai sauƙi ne: bulo kusan 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka ka auna bangon da aka ɗora ka san aikin yini na gaskiya. Amma kada a ɗora fiye da layi biyar ko shida a bango ɗaya a rana, domin kwaɓin ƙasa bai gama kamawa ba.

Maman Sadik: Ni dai mutanen Togo ne suka yi mini tayil da silin, kuma ban ga abin gyara ba har yau. Shawarata a neme su.

Baba Birkila: Hajiya, wannan magana tana yi mana ciwo. Shekara fiye da talatin ina riƙe da cokali, kuma na yi aiki tare da mutanen Togo da na Kwatano. Sun iya aiki, ban musa ba, amma sirrin shi ne yaro a can yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi. A nan kuwa yaro ya yi wata shida yana miƙa bulo, sai ya sayi cokali ya ce shi birkila ne, mai gini kuma ya ɗauke shi saboda ya fi araha. Ku ba ɗan gida kuɗin da kuke ba baƙo, ku ga aikin da zai yi.

Maman Sadik: Allah ya huci zuciyarka, Baba, ba raini nake nufi ba. To ta yaya mu da ba mu san gini ba za mu bambance gwani da ɗan koyo?

Baba Birkila: Ki sa shi ya fitar da kusurwa a gabanki. Wanda ya koyi aiki zai auna uku a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen, ya tabbatar tsakaninsu biyar ne, sannan zai nemi tiyon ruwa ya daidaita tsayi kafin ya ɗora bulo na farko. Ki kuma je ki ga ginin da ya yi wanda ya ga damina biyu.

Injiniya: Akwai kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) da ke Kaduna ma tana da tsarin tantance ƙwarewar waɗanda suka koyi sana'a a hannun maigida, hukumar asusun horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) kuma, wadda aka kafa tun 1971, tana horar da masu sana'o'in hannu. Ya kamata matasanmu su nemi waɗannan takardu, domin manyan kamfanoni suna tambayarsu.

Baba Birkila: Takarda tana da amfani, Injiniya, amma bango nake fara dubawa.

Malam na Tudun Wada: A ƙara da batun zafi. A watan Afrilu rana tana wuce digiri 40 a Kano, kuma wanda ya fara aiki ƙarfe tara ya riga ya yi asarar mafi kyawun yininsa. A fara bayan sallar asuba, a huta da azahar.

Baban Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, maganarka ta sa na tuna cewa 'yan garuwa ne ke kawo mana ruwa, kuma sau da yawa sai wajen ƙarfe goma suke isowa. Shin tanki mai lita 2,000 zai ishe mu kwaɓi da shayar da bulo na yini guda?

Injiniya: Zai isa a wannan matakin idan ana cika shi tun da yamma, amma ranar zuba kankaren linta ka tanadi ƙari, domin sai an shayar da shi aƙalla kwana bakwai.