Haruffan nan da foman ke jefa mana a wurin gini, kowa ya faɗi wanda ya sani

Ɗan Gwammaja, Riyad:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne ya samu aiki a wani kamfanin gini nan Riyad, birkila ne tun daga gida, aikin hannu kam ba mai koya masa, amma kullum sai ya dawo masauki yana mita wai foman ɗinsu ba ya magana sai da haruffa, PTW, TBT, NCR, ga Larabci ga Turanci ga yaren Indiyawa duk a haɗe. Ni kuma tuƙi nake yi ban san kan abin ba. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar ku taimaka.

Baba Kafinta, Jidda:
Wa alaikumussalam ɗana. Ka ce ya fara riƙe guda uku. PPE kayan kariya ne, hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, riga mai ƙyalli, safar hannu, in zai hau sama kuma a ɗaura bel. TBT tsayuwar safe ce kafin a taɓa aiki, mutumin HSE wato mai kula da kiyaye haɗari ya yi bayani kowa ya sa hannu a takarda, kuma kar ya raina sa hannun nan don ran da tsautsayi ya faru takardar ake fara ɗaukowa. PTW kuma takardar izini ce, walda, hawa sama, shiga rami, duk sai da ita. A gabana aka fitar da wani mai walda daga sayit, aikinsa tsaf ba makusa, takardar ce kawai babu.

Mai Rodi, Dammam:
Mu masu ɗaurin rodi namu a jikin zane yake. A gida Y12 da Y16 muka saba gani, nan zuwa na ga T12@200 na tsaya ina kallo, ashe duk kanwar ja ce, rodi mai kaurin milimita 12 a jera shi da tazarar milimita 200. Sai siminti, akwai OPC na kullum akwai SRC mai jure gishirin ƙasa. Ƙasar nan ta gabas gishiri gare ta sosai, yana cin kankare, shi ya sa mu dai SRC muke zubawa a fandisho da duk abin da zai kwanta cikin ƙasa, tunda shi birkila ne ya riƙa duba jikin buhu kafin ya buɗe shi.

Injiniyan Jubail:
Baba ya gama magana a ɓangaren kariya, bari in ƙara na ofis. Wanda ya fi rikita mutane RFI ne saboda fuska biyu gare shi. A wani kamfanin in an ce RFI ana nufin takardar tambaya, zane bai fito sosai ba an aika wa masu zane su yi bayani. A ayyukan Aramco, kamfanin man Saudiyya, kuma yawanci kiran a zo a duba aiki ake nufi, abin da wasu ke kira WIR. Na taɓa ganin an kwashe rabin yini motar kankare na tsaye tana juyawa a rana, foman yana jiran mai dubawa ya iso shi kuma na ofis yana jiran amsa daga masu zane, kowa na rantsuwa ya tura RFI, ƙarshe kankaren ya wuce lokacinsa aka mayar da shi. To in ya ji kalmar ya tambaya wanne daga ciki.

NCR kuwa shi ne wanda ba a so a ji. Mutumin QC, wato mai duba ingancin aiki, ya duba ya ga aiki ya saɓa wa zane ko ƙa'ida sai ya rubuta, daga nan ko gyara ko rushewa, kuma sau da yawa kuɗin wannan ɓangaren ba ya fita sai an rufe takardar. Galibi ma ba rashin iya aiki ke jawo shi ba, tsohon zane ne. Ya riƙa duba kusurwar takarda ta ƙasa, in babu hatimin IFC ba a ba da izinin gini da shi ba, sannan ya duba lambar Rev, wato lambar gyaran zane, ko ita ce ta ƙarshe. In ya ga C30 ƙarfin kankare ne, ana ɗibar samfur a matse shi a inji a kwana 7 da kwana 28.

Mai Tayil, Makka:
Injiniya ka manta namu, SSL da FFL. Na farko saman kankaren dakin ne tsurarsa, na biyu inda ƙafa za ta taka bayan an zuba yashi da siminti an ɗora tayil. Birkilan da ya auna tsayin ƙofa daga SSL alhali FFL aka rubuta, mu ne muke shan wahalarsa, sai ka gama shimfiɗa ka ga ƙofa ta ƙi shiga. Su kuma 'yan MEP, masu wuta da famfo da AC, Allah ya shirye su, sai ka gama ka wanke sannan su zo wai sun manta bututu.

Alhaji Ɗan Kwangila, Madina:
Ni BOQ da VO na sani don nan kuɗi yake. BOQ lissafin aikin ne kaf da farashinsa, duk abin da ba ya ciki ƙari ne, sai an yi masa VO, wato takardar canji ko ƙarin aiki, a rubuce. Muhandis, wato injiniya, zai dafa kafaɗarka ya ce da Larabci mafi mushkila, wato ba matsala, yi kawai za mu daidaita, wallahi in ba takarda ran biya ba wanda zai tuna.

Ɗan Gwammaja, Riyad:
Allah ya saka da alheri, na tura masa duka. Ya ce a tambayi Baba, hutun rana da ake cewa ana bayarwa da zafi shi ma sai da PTW ne?

Baba Kafinta, Jidda:
A'a wannan dokar gwamnati ce, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a aiki cikin rana daga 12 zuwa 3. In aikin cikin gini ne a inuwa kuwa za su iya cewa ya ci gaba.