Me za mu kira "penetrating oil" da Hausa?

Mai Gareji: Salamu alaikum. Ana shirya wa yaran gareji takardar koyon sauke tsohuwar salansa, irin ta Fijo 504 da ta shekara ashirin ba a taɓa notinta ba. An tsaya a kan man da ake fesa wa noti kafin a sa sufana. Kowa WD-40 yake cewa, amma wannan sunan kamfani ne, ba sunan abin ba. Wasu sun kawo "maganin tsatsa". A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam Oga. "Maganin tsatsa" kam a ajiye shi. Akwai abin da ya fi cancantar sunan, wato ruwan asid da ake shafa wa ƙarfe ya cinye tsatsar. Wannan man ba ya cin komai. Siriri ne ƙwarai, sai ya bi 'yar kafar da ke tsakanin noti da tiredi, wato zaren da ke jikin ƙusar da ake ɗaura notin a kai, yana shiga, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, shi ya sa take cika tiredin ta matse noti. Man yana shiga tsakaninta ne ya sa ta santsi. Shi kansa WD-40 na yau da kullum, wanda aka haɗa a Amurka a 1953, don korar danshi aka yi shi tun asali. Ni "mai ratsa tsatsa" na kawo.

Ɗan Maraɗi: Mu nan sunan Faransanci muke kira, degiripan, wato abin da ke sakin ƙarfen da ya kame. In za a bi wannan, "man kwance noti" ke nan.

Mai Walda: Ɗan Maraɗi, sunanka zai jawo karyewar ƙusa. Yaro ya ji "kwance", zai fesa ya ɗauki sufana nan take. Ga yadda aikin yake. A bar injin ya huce, a cire kan batir, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba. A goge kowane noti da burushin waya, musamman tiredin da ya leƙo waje, don ta kansa notin zai bi ya fita. A fesa, a ɗan bubbuga gefen notin da ƙaramar guduma don tsatsar ta tsage man ya sami hanya. A sake fesawa da yamma, a bar shi ya kwana. Noti mai taurin kai a ba shi kwana biyu. Sannan a sa soket mai kusurwa 6, ba mai 12 ba, don mai 12 yana sule kan notin da tsatsa ta riga ta rage masa jiki. In noti mai girman milimita 13 ya rame, a buga masa soket mai girman milimita 12 da guduma. A fara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan a kwance kwatan zagaye, a koma, a ƙara mai, a sake. In ya yi ƙara yana tafiya, lafiya. In ya yi laushi shiru ba ƙara, a tsaya: ƙusar ce ke murɗewa, saura kaɗan ta tsinke.

Malamin Hausa: To ai Mai Walda ya ba mu kalmar bai sani ba. Abin da ya bayyana jiƙawa ne. "Mai ratsa tsatsa" daidai ne a ma'ana, sai dai yana harɗe harshe, kuma "mai" ɗin farko ba a san ko man ake nufi ko mai yin aikin ba. Ina ganin "man jiƙo". Duk Bahaushe ya san ba a jiƙa abu a tsame shi nan take.

Injiniya: Malam, jiƙo ai na sha ne. Kada mu sa wa guba sunan magani.

Malamin Hausa: "Man" da ke gaba ya raba gardama, Injiniya. Man birki ma ba wanda ya taɓa zuba shi a miya. A rubuce a fara da "man jiƙa noti", a baki ya gajarce da kansa.

Mai Gareji: Tunda an ambaci man birki, shi yawancin garejinmu ke ɗiga wa noti. Yana ɗan aiki, amma yana cin fenti, kuma motar da ake son adanawa ba a wasa da fentinta. Man giyar otomatik da asiton (ruwan nan da ake goge fentin farce da shi), rabi da rabi, ya fi shi, in dai za a girgiza kafin kowane amfani don rabuwa suke yi. Duk waɗannan suna iya shiga ƙarƙashin "man jiƙo", abin da sunan kamfani ba zai yi ba. Wannan ya ƙara ja ni wajen Malam.

Mai Walda: Na bi. Amma a rubuta wa yara inda jiƙon ba ya kaiwa. Mahaɗar da bututu ya shiga cikin bututu aka matse da kilam, wato maɗaurin ƙarfe, kilam ɗin ya riga ya lotsa su tare, ko tulu guda aka zuba ba za su zare ba. In salansar ta jefarwa ce, a yanke ta da zarto, a tsaga ragowar na wajen da kurfi a ɓare shi. Robobin rataya a shafa musu ruwan sabulu ko a yanke. A fara daga baya a yo gaba, a tokare bututun gaba da wani abu, don in nauyinsa ya rataya a kan manifol, wato mahaɗar da ke kwaso hayaƙi daga injin, ƙarfen zubi ne, tsagewa yake ba ya lanƙwasa.

Sai wuta. A goge man tukuna don yana kamawa, a duba inda bututun fetur ya bi. Notin ake gasawa har ya fara ja, ba ƙusar ba, don shi ake so ya buɗe. Kusa da kan injin kuwa a yi hattara: na 504 alminiyam ne, yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya canja launi ya gargaɗe ka ba.

Ɗan Maraɗi: Na janye nawa. Abin da zan ƙara, motar da ta yi rayuwarta a nan, kamar 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna, daga ciki salansarta ke ruɓewa. Litar fetur in ta ƙone tana ba da kusan litar ruwa, kuma gajeriyar tafiya ba ta zafafa tukunyar bayan salansa har ruwan ya ƙafe. Wadda aka shigo da ita daga Turai ita ce gishirin titi ya ci ta daga waje, notinta ya fi shan man jiƙo.

Mai Gareji: Shi ke nan, man jiƙo ya shiga takarda. Saura ƙusar nan mara kai mai tiredi gaba da baya, wadda ke zaune a kan injin ana ɗaura manifol a kanta.

Malamin Hausa: Turke.

Mai Walda: Ya zauna, Malam. In turke ya karye ya bar ɗan tsini, a ɗora noti a kai a cika cikinsa da walda, a bar shi ya huce, a jiƙa, a juya. Wajen mayarwa a sa notin tagulla da girisin da ke jure zafi.