Hoton kifin manta a Maldives: wane ido, wace fitila, kuma a ina zan tsaya?

Mai_Kamara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin tafiyar mako guda zuwa Maldives a watan Fabrairu, a irin jirgin ruwan nan da ake kwana a cikinsa ana nutso sau uku a rana. Hanyar jirgin ita ce rukunan tsibiran Male ta arewa da ta kudu, sai na Ari. Babban burina hoton kifin manta.

Kayan da nake da su: kamara mai firam APS-C (wanda bai kai cikakken firam girma ba) da gidanta na shiga ruwa, idon kamara (lens) 16-50mm a bayan shimfiɗaɗɗen gilashin gaban gidan, da fitilun walƙiya guda biyu masu gajerun hannuwa. Na yi nutso wajen sau 40. Kayan nan za su wadatar? Wane saiti zan fara da shi? Kuma za a iya biyawa ta Hanifaru da ake ta yabo? Allah ya saka da alheri.

Sarkin_Ruwa:

Wa alaikumus salam Malam. Cire Hanifaru daga lissafinka tun yanzu. Tana yankin Baa, ba ta kan hanyarku, kuma lokacinta daga wajen Yuni ne zuwa Nuwamba. Ko a lokacin nata ma an hana shiga da tulun iska, sai dai iyo a sama da bututun numfashi, minti 45 kacal, kuma ba a kunna walƙiya. Tun 2011 Baa ke cikin yankunan da UNESCO ta keɓe, masu gadin wurin ba sa wasa.

Abin da ke juya manta a Maldives iska ce. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, ruwa na ratsa tsibiran daga gabas zuwa yamma, sai ƙananan halittun da manta ke tacewa ya ci su taru a gefen yamma. Daga Mayu zuwa Nuwamba lamarin ya juya. Shi ya sa Lankan, da ke gabashin Male ta arewa, ta fi armashi a rabin shekara na biyu, kai kuma a Fabrairu rabonka na yammacin Ari ne, wurare irin su Moofushi da Rangali Madivaru. Ka sani kuma inda abincin ya taru ruwan ba ya yin garau. Ba a haɗa ruwa tas da taron manta sai da sa'a.

Irin da za ka gani shi ne na bakin murjani, Mobula alfredi, faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike yakan kai mita 3 zuwa 3 da rabi. Babban yayansa na tsakiyar teku yana iya kai mita 7, amma ba a cika haɗuwa da shi a wannan hanya ba. Dukkansu ba su da ƙayar harbi a wutsiya.

Yawancin hotunanka a wurin wanzamai za ka same su. Wani dunƙulen murjani ne inda wasu 'yan ƙananan kifaye ke zaune, manta ya zo ya tsaya a kansu suna tsince masa ƙwari da matacciyar fata, kamar yadda carki ke yi wa sa. Yana zagayawa ne ta hanya ɗaya, ya fuskanci jan ruwa, ya ɗan dakata a kan dutsen, ya wuce, ya dawo. Don haka aikinka na farko ba ɗaukar hoto ba ne. Ka sauka gefe, ƙasa da tsayin dutsen, ka lafe a kan yashi ko matattun duwatsu, ka ƙyale shi ya yi zagaye biyu ko uku kana kallo. Da ka gane hanyarsa, sai ka gyara zama a hankali yadda zai biyo ta gabanka, rana kuma tana bayanka idan hali ya yi.

Abin da ke ɓata wurin uku ne: hawa kan dutsen, tare masa hanya, da binsa. Mutum ɗaya ya yi ɗaya daga ciki, manta ya tafi, sauran mutum goma sha biyar su koma jirgi suna harararsa. Kada ka matsa kusa da mita 3, kada ka taɓa shi, jikinsa na da wani yauƙi da ke kare shi daga cuta. Idan ya nufo saman kanka, sassauta fitar da numfashi don kada kumfa ta buge shi a ciki, amma kada ka riƙe numfashi gaba ɗaya, musamman idan kana ɗagawa sama. Ka tafi da ƙugiyar riƙe dutse mai igiya, domin jan ruwa a mashigan Ari yana da ƙarfi, kuma hannunka biyu na kan kamara. A mataccen dutse ake maƙala ta.

Uwar_Murjani:

Malam Sarkin_Ruwa ya gama maganar wuri. Ni kan kaya zan tsaya, kuma gaskiya ɗaya ce: shimfiɗaɗɗen gilashin nan shi ne matsalarka. A cikin ruwa yana ƙara girman abu da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana matse faɗin abin da ido ke gani. Wato 16mm ɗinka, wanda dama a APS-C ba wani faɗi ne da shi ba, zai ƙara ƙuntata. Kafin manta mai mita 3 ya shiga firam sai ka ja baya sosai, kuma duk tazarar da ka ƙara, ruwan da ke tsakani yana cinye launi da kaifi. Sakamakon shi ne shuɗin hoto dishi-dishi.

Magani: ido mai faɗi a bayan ƙoƙon gilashi. Ga APS-C, mai idon kifi (fisheye, ido mai faɗi sosai da ke lanƙwasa hoto) irin Tokina 10-17mm shi aka fi amfani da shi shekara da shekaru, domin yana ba ka damar ɗan jawo hoto idan kifin ya ƙi matsowa. Ka duba ko yana hawa kamararka kai tsaye ko sai da mahaɗi, kuma ka nemi zoben tsawo, wanda ake sawa tsakanin gidan da ƙoƙon, daidai da wanda masu gidan kamarar suka rubuta. Idan kuɗi bai kai ba, a nemi faffaɗan ido na waje wanda ake ɗaurawa a gaban shimfiɗaɗɗen gilashi a cikin ruwa. Shi kuma da an shiga ruwa sai a cire shi a girgiza a mayar, don kumfa na maƙalewa a tsakani ta fito a hoto kamar tabo.

Ƙoƙo na da halinsa. Kamara ba kifin take gani kai tsaye ba, wata inuwarsa ce mai lanƙwasa da ke tsaye ƙasa da rabin mita daga gilashin. Dalilin ke nan da kusurwoyin hoto ke dushewa idan an buɗe ƙofar haske da yawa. Fara da wannan: ƙofar haske f/8, saurin ɗauka 1/160 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin karɓar haske) 320, a RAW (ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta), komai da hannu. Kafin manta ya iso, ɗauki hoton ruwa zalla ta ɓangaren da kake sa ran zai ɓullo. Shuɗin ya yi fari, ƙara sauri zuwa 1/200 ko 1/250. Ya yi duhu, rage zuwa 1/125. Sauri shi ke juya launin ruwa, ƙarfin fitila shi ke juya hasken jikin kifin. Kada ka wuce iyakar saurin da kamararka ke tafiya tare da walƙiya, yawanci 1/200 ko 1/250 ne, in ba haka ba baƙin layi zai yanke gefen hoton.

Fitilu kuwa, gajerun hannuwa ba za su yi ba. Ƙara gaɓa ɗaya a kowane gefe. Ka tuna yadda fitilar mota ke yi a hazon hunturu: idan ka ƙure ta, ƙurar kawai kake gani. Haka ruwan da manta ke kiwo yake. Buɗe fitilun nesa da kamara, kamar ƙarfe 10 da ƙarfe 2 a fuskar agogo, ka ja su baya da layin ƙoƙon, ka ɗan karkata su waje, yadda gefen haskensu ne kawai zai haɗu a jikin kifin, ruwan da ke gaban idon ya zauna a duhu. Da mai idon kifi, fitilar da ta leƙo gaba sai ta bar farin ƙyalli a gefen hoto.

Ƙarfi kuma fara da kwata, kada ka wuce rabi. Cikin manta fari ne fat, bayansa baƙi, kuma farin da ya ƙone ba ya gyaruwa a kwamfuta. Ƙaramin ƙarfi yana kuma sa fitila ta sake cika da wuri, ka samu hoto uku ko huɗu a wucewa ɗaya.

Mai_Kamara:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. To amma ga inda na rikice: na ji an ce hasken fitila ba ya wuce mita ɗaya da rabi a ruwa, ga shi kuma an ce kada a matsa kusa da mita 3. Yaya za a haɗa biyun?

Ɗan_Nutso:

Dokar a kanka take, ba a kan kifin ba. Kai ne ba za ka je wurinsa ba. Shi idan ya ga dama yana iya wucewa kamu ɗaya daga kanka, kuma yana yi, domin dabba ce mai son ganin ƙwaf. Wanda ya lafe bai motsa ba shi ake zuwa dubawa. Saboda haka hotunanka iri biyu ne, kuma ka san wanda kake ɗauka kafin ka danna.

Idan nisansa ya wuce mita 2, kashe fitilun. Haskensu ba zai kai gare shi ba, dattin ruwa kawai zai haska maka. Ɗauka da hasken rana, ka gyara launi daga baya a RAW, ko ka mayar da shi baƙi da fari, wanda ke yi wa manta kyau sosai. Launin ja yana ɓacewa tun daga zurfin wajen mita 5, don haka kada ka sa ran launi mai ɗumi a mita 15 ba fitila. Idan ya shiga tsakaninka da rana kuwa, matse ƙofa zuwa f/16, sauri 1/250 ko fiye tunda fitila a kashe take, ISO mafi ƙanƙanta, ka jira jikinsa ya rufe ƙwayar ranar sannan ka danna.

A nan na ɗan saɓa da Hajiya. Mai idon kifi yana mayar da duk abin da ya wuce mita 3 ɗan mitsitsi, kuma ba kullum manta ke matsowa ba. Idan wurin ya cika da masu nutso an jera ku a layi, ido irin 10-18mm marar lanƙwasa ya fi cika firam. Sai dai yana buƙatar babban ƙoƙo da f/11 kafin kusurwoyi su yi kaifi, kuma babban ƙoƙo kaya ne a jirgin sama. Wanda ido ɗaya tak zai saya, ya bi shawararta.

Fokas a bar shi mai bin abu, faffaɗan yanki. Baƙin bayan manta ba shi da abin kamawa, kamara sai ta yi ta lalube. Nufi bakin ko inda fari ya haɗu da baƙi. Lokacin dannawa shi ne sa'ad da fiffiken suka ɗaga sama kuma ƙahonnin nan biyu na gaban kai suka warware. A nannaɗe suke idan tafiya kawai yake yi.

Akwai kuma nutson dare a tafkin Fesdhoo da ke Ari ta arewa, idan jirginku ya kwana can. Ana kunna manyan fitilu a bayan jirgi, abincin ya taru, manta su zo suna alkafura a cikin hasken. Ruwan ba zurfi, a durƙushe ake kallo. Dattin ruwa a nan ya ninka na rana, don haka ko dai a kashe walƙiya a ɗaga ISO zuwa 1600 a yi amfani da hasken jirgin, ko a buɗe fitilun iya tsawon hannuwansu a mafi ƙarancin ƙarfi. Tambayi jagora tukuna ko an yarda da walƙiya.

Da nutso 40, ka bar kamara a jirgi a nutson gwaji na ranar farko, ka daidaita nauyinka. Dokar ƙasar ta tsayar da zurfi a mita 30. Mai kamara kuma yakan manta da agogon da ke nuna iskar da ta rage a tulu. Duba shi duk bayan wucewar kifi.

Injiniya_Batir:

Ƙari kan zaman jirgi, inda kamara ta fi mutuwa.

Haɗa gidan kamara da dare ko da asuba a wuri mai haske, ba lokacin da ake kiran a sauka ƙaramin jirgin nutso ba, wanda suke kira doni. Cire zoben robar da ke hana ruwa shiga gidan da katin roba, ba da wuƙa ko farce ba, goge raminsa da ƙyalle marar gashi, shafa man silikon ɗan kaɗan har ya yi sheƙi kawai. Man ba ya toshe ruwa, santsi yake ba zoben, kuma idan ya yi yawa yashi yake kamawa. Silin gashi ɗaya a kan zoben ya isa ya shigo da teku. In gidan na da famfon zuƙe iska, zuƙe ka bar shi minti 15 zuwa 20 ka ga ko koriyar fitilar ta tsaya. Sannan ɗauki hoto ɗaya a kan tebur: an cire murfin ido, memori na ciki, fitilu biyu sun tashi.

Raɓa: kamarar da ta kwana a ɗaki mai sanyin na'ura, aka buɗe ta a iskar waje mai laima, nan take za ta yi gumi. Rufe gidan a cikin ɗakin, sa ƙunshin silika ɗaya ko biyu inda ba zai taɓa zoben ba, a doni kuma lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, kada rana ta buge shi. Kada ka yi tsalle da kamara. Shiga ruwa, a miƙo maka. Bayan nutso tsoma ta a ruwan daɗi kana danna maɓallai, ka fitar. Barin ta a bahon wanki tare da na wasu shi ke farfasa ƙoƙo.

Batir saiti biyu na kowane abu. Na lithiyam a jakar hannu ake shiga jirgin sama da su. Tun bayan gobarar jirgin nutso a gaɓar Kalifoniya a 2019, wadda ta ci rai 34, jirage da yawa sun hana caji a ɗakin kwana ko cikin dare, sai a teburin da aka ware. Tafi da caja mai cin batir da yawa a lokaci guda. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar kuma ya riƙe katin rigakafin shawara, ana iya tambayarsa a filin jirgin Male. A bar awa 24 tsakanin nutson ƙarshe da tashi.

Uwar_Murjani:

Na yarda da gyaran Malam Ɗan_Nutso kan layin masu nutso. Abu ɗaya na manta: a kowace haɗuwa ka yi ƙoƙarin samun hoto ɗaya na cikin kifin daga ƙasa, a miƙe, inda ɗigon baƙi ke tsakanin tsagogin numfashi har zuwa gindin wutsiya. Zanen ɗigon kowane manta daban yake, kamar zanen yatsa, gindin wutsiyar kuma shi ke nuna namiji ne ko mace. Ƙungiyar Manta Trust na karɓar irin waɗannan hotuna, da su ta tantance dubban manta a Maldives. Za su nemi rana da sunan wurin, don haka gyara agogon kamararka zuwa lokacin Maldives tun a filin jirgi, ka kuma rubuta sunan kowane wuri da kun fito daga ruwa.